Akwatin Ƙofar Gidan Malam Ilu

Cikin duk shekarun da na yi ina aikin gwamnati, ranar da ta ƙi barin raina ita ce wata Asabar ta zaɓen gwamna da 'yan majalisar jiha, cikin zafin watan Maris, da aka ba ni riƙon akwati a wata tsohuwar unguwa a tsakiyar garin Karaye. Tunda na ji wasunku sun cike takardar neman aikin zaɓe na wucin gadi, ku gyara zama in ba ku labarin, ko ba komai ku ji abin da ba a faɗa a wajen bita.

Lokacin ina mataimakin hedimasta a wata firamare a Yammedi. Aka ɗebe mu malaman makaranta aka yi mana bitar kwana uku, aka ba ni shugaban rumfa. Ga wanda bai sani ba, shugaban rumfa shi ne mai karɓar akwati da takardun ƙuri'a, shi ke sa hannu a bayan kowace takarda kafin ya miƙa wa mai zaɓe, shi ke ƙirga a gaban jama'a, shi kuma ake kamawa idan abu ya lalace. Aka haɗa ni da Malama Hadiza, wata malamar makaranta 'yar Zoza, ita ke riƙe da rajista da na'urar tantance masu zaɓe, sai ɗan sanda guda ɗaya. A samanmu akwai sufabaiza, wanda ke zagaya rumfuna da dama a kan babur. Kowace jam'iyya kuma tana da ejan, wato wakilinta da ke zama ya sa ido.

Abu biyu aka yi ta nanata mana har suka gundure mu. Na ɗaya, ana buɗe rumfa takwas da rabi, a rufe layi biyu da rabi. Wanda lokacin ya same shi a kan layi zai kaɗa ƙuri'arsa, wanda ya zo bayan nan sai ya yi haƙuri sai bayan shekara huɗu. Na biyu, rumfa ba ta barin inda aka rubuta sunanta. Wanda ya ɗage ta da gaban kansa, ana iya soke ƙuri'un wurin gaba ɗaya. Sunan tawa rumfar a takarda shi ne Ƙofar Gidan Malam Ilu.

Unguwar nan kashi biyu ce, kuma kowa a Karaye ya sani. Akwai Tudu, akwai Gangare. Mutanen Tudu galibi 'yan kasuwar hatsi da gyaɗa ne da ma'aikatan ƙaramar hukuma, suna tare da jam'iyyar da ke mulki a lokacin, jagoransu Alhaji Sule, dillalin gyaɗa, shi ne ciyaman ɗin jam'iyyar na mazaɓa. Mutanen Gangare teloli ne da masu facin taya da manoma, sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma 'yan adawa ne tun iyaye. Babbansu shi ne Malam Ilu tela, wanda akwatin ke ƙofar gidansa, ba don komai ba sai don nan ne ɗan filin da ke tsakanin ɓangarorin biyu. Sauran unguwar duk lunguna ne, babur biyu ba sa giftawa. An ce Alhaji Sule da Malam Ilu tare suka taso, siyasa ta raba su, sun fi shekara ashirin ba abin da ke haɗa su sai sallama.

Muka iso da kaya wajen bakwai da rabi. Tun daga bakin lungu na ji kukan mata. Muna ɓullowa filin na ga maza tsaitsaye jugum-jugum, makara jingine da bango. Ashe Malam Ilu ya dawo daga sallar Asuba ya ce ƙirjinsa, kafin a nemo mota rai ya yi halinsa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na kira ejan-ejan biyun na ce ba zan buɗe rumfa gawa tana cikin gida ba, duka suka amince. Wajen tara aka fito da shi aka yi masa salla a nan filin. Ni ma na bi a sahun ƙarshe, jakar takardun ƙuri'a rataye a kafaɗata, don ba a ajiye ta. Da aka wuce da shi maƙabarta muka kafa teburinmu a gefen filin ta wajen Tudu, inda ya rage ɗan sarari, na ɗaga akwati na nuna wa kowa babu komai a ciki, na rufe, muka fara.

Kafin goma da rabi an dawo daga binnewa. Aka shimfiɗa tabarmi tun daga bakin zauren mamacin har kusa da ƙafar teburina. Babban ɗansa, Hamisu, ya zauna a tsakiya da baffanninsa da liman, aka shiga karɓar gaisuwa. Jama'a kuwa kamar ranar kasuwa, har daga Kwanyawa da Rogo, don Malam Ilu ya ɗinka wa rabin ƙasar nan riga.

A nan abin ya fara fito mini. Mutumin Tudu zai gangaro ta lungunsu, ya tsuguna ya yi ta'aziyya, a shafa Fatiha, ya miƙe ya zo wurina ya dangwala ya wuce. Shi maƙwabci ne, ya sauke haƙƙi. Amma mutumin Gangare ɗan'uwa ne, ko suruki, ko wanda ya koyi ɗinki a shagon mamacin. Ina kallonsu, ga katin zaɓe yana leƙowa daga aljihun gaba, amma wa zai tashi daga kan tabarmar makoki ya shiga layin siyasa a gaban idon Hamisu, ƙasar kabarin ubansa ba ta bushe ba? Sai mutum ya saci kallon teburina ya sunkuyar da kai. Matan Gangare su abin ya fi yi wa yawa. Lungunsu a tsakiyar tabarmin yake ɓullowa. Mace za ta zo bakin lungun da katinta ƙulle a gefen mayafi, ta ga maza jere reras, ta juya. Ba macen da za ta ratsa zaman makokin maza don ta je ta yi zaɓe.

Sha ɗaya ta wuce, Malama Hadiza ta karkato mini da rajista ta yi ƙasa da murya ta ce, "Malam Sabi'u, duba nan. Duk waɗanda na tantance 'yan Tudu ne. Shafukan Gangare ko biro ban ɗora musu ba."

Na kira sufabaiza a waya. Na ce, "Ranka ya daɗe, mai gidan da sunansa ke kan rumfata ya rasu da asuba, filin ya cika da masu makoki, rabin unguwa sun kasa fitowa. A ba ni izini in koma bakin titi."

Ya ce, "Allah ya jiƙansa. Me aka rubuta a takardarka?"

Na ce, "Ƙofar Gidan Malam Ilu."

Ya ce, "To nan za ka zauna. Ni kaina ba ni da ikon ba ka wannan izinin yau. Ka ɗaga teburin nan, ejan ɗaya ya rubuta ƙorafi, an soke akwatin, kai kuma ka zo ka yi bayani."

Ba laifinsa ba ne, gaskiya ya faɗa. Amma ku dubi inda aka bar ni. In na zauna, mutanen Gangare ba za su yi zaɓe ba. In na tashi, za su yi, a soke. Ko ta ina ƙuri'arsu ta tafi, kuma a hannuna za ta tafi.

Ejan ɗin Tudu, wani Bala, yana jin duk abin da muke faɗa. Ya miƙe ƙafa a kan benci yana ɓare gyaɗa ya ce, "Malam, doka dai doka ce. Mu ba mu hana kowa zuwa ba." Wallahi har da murmushi. Ejan ɗin Gangare kuwa, wanda ɗan ƙanwar mamacin ne, idanunsa jajur, ya matso ya ce mini in ɗauki akwatin in kai bakin titi su za su tsaya mini. Da na ce ba zai yiwu ba, sai ya ce, "Da ma an ce an gama da ku tun a wajen bita." Ni! Ni da na bar gida ko koko ban sha ba. Na haɗiye, don mutumin da ya binne kawunsa da safe ba a biye masa.

Da na ga sha biyu ta gota, na miƙe na gyara hulata. Malama Hadiza ta ce, "Ina za ka?"

Na ce, "Zan je in roƙi Hamisu su ɗan matsa da tabarmin."

Ta dube ni kamar na yi saɓo. Ta ce, "Haba Malam! A ƙofar gidan ubansa, ranar da aka binne shi? Ko hakimi ba zai faɗi wannan ba. Ba a tashin mai makoki. Sai dai in maƙwabci ne ya ga wuri ya yi musu kaɗan, ya zo da kansa ya ce su dawo ƙofar gidansa. Wannan karamci ne, ba a ƙi."

Na koma na zauna, kunya ta kama ni, don ta fi ni gaskiya. Na tambayi ɗan sandan, wanda ya san unguwar, ko akwai wani mai fili kusa. Ya ce duk unguwar mutum ɗaya ne, Alhaji Sule, yana da ƙatuwar rumfar kwano a ƙofar gidansa inda ake auna gyaɗa. Malama Hadiza ta yi wata 'yar dariya da ba ta daɗi ba ta ci gaba da aikinta. Mutumin da wannan zaman ya fi kowa yi wa rana shi ne kaɗai ke iya tayar da shi.

Ɗaya saura kwata sai ga Alhaji Sule da kansa, da farar babbar riga, mutum huɗu a bayansa. Tun da safe ya bi jana'iza ya yi ta'aziyyarsa, yanzu zaɓe ya kawo shi. Aka tantance shi, na sa hannu a takardu na miƙa masa, ya shiga bayan labule ya fito ya jefa. Ina shafa masa tawada a farce sai ya dubi akwatin, ya dubi Bala, ya ce mini, "Malam, yaya aikin? Komai lafiya dai ko?"

To kun san halina. Yaran da na koyar ma sun sani, in raina ya ɓaci bakina ba ya jiran shawarata. Na ce, "Lafiya lau, Alhaji. Akwati naku ne, na taya ku murna tun yanzu. Sai dai in an tambaye ku kada ku ce ku kuka ci, ku ce mutuwa ce ta ci muku."

Ban yi ƙasa da murya ba. Har waɗanda ke bakin tabarma suka waiwayo. Bala ya yi tsalle ya miƙe, gyaɗa ta watse, yana cewa, "Kun ji ko? Kun ji jami'in zaɓe yana siyasa? Wallahi sai na rubuta!" Alhaji Sule ya tsaya yana kallona, hannunsa har lokacin yana cikin nawa, sannan ya zare shi a hankali ya juya ya haura Tudu.

Ku ji ni da kyau, abin da na yi kuskure ne. Shugaban rumfa ba ya faɗin wa ya ci kafin a ƙirga, ba ya gaya wa mai zaɓe magana, balle shugaban jam'iyya a gaban yaransa. Yana juya baya na ce a raina, Sabi'u, ka ɓata aikinka kuma ba ka gyara wa kowa komai ba. Bala kuwa ya samo takarda ya duƙufa yana rubutu.

Bayan kamar minti ashirin, ɗan sandan ya taɓo ni ya nuna mini lungun Tudu da haɓa. Alhaji Sule ne ke saukowa shi kaɗai, ya tuɓe babbar rigar. Bai kalli teburina ba. Ya cire takalmi a bakin tabarma, ya ratsa har gaban Hamisu ya durƙusa. Filin ƙarami ne, kuma kowa ya yi shiru, don haka na ji abin da ya ce.

Ya ce, "Hamisu, rana ta juyo kanku, baƙi kuma sai ƙaruwa suke, ga dattawa a cikin zafi. Na sa an kwashe buhuna an share rumfata an yayyafa ruwa. In an yi Azahar ku dawo can."

Hamisu ya ɗago ya dube shi ya ce, "Baba Alhaji, ƙofar gidanka?"

Ya ce, "Ƙofar gidana. Har kwana ukun."

Hamisu ya dubi baffanninsa, su kuma suka dubi liman. Liman ya ce, "Allah ya saka da alheri, Alhaji. Allah ya sa a mizani." Shi ke nan. Ko kalmar zaɓe ba ta fito daga bakin kowa ba, alhali babu wanda bai san abin da ake ciki ba.

Ana idar da Azahar aka naɗe tabarmi aka haura da su Tudu, Alhaji Sule da kansa ya ɗauki buta biyu. Ban taɓa ganin fili ya sauya kama da sauri haka ba. Mutum zai je can ya zauna ya yi addu'a, ya sulale ya gangaro, tunda yanzu ba a gaban idon masu makoki yake ba. Matan Gangare kuwa kamar da ma a bayan ƙofa suke tsaye. Kafin biyu layinsu ya kai bakin lungu ya lanƙwasa ya shige ciki, masu goyo, da tsofaffi masu sanda. Malama Hadiza gumi har cikin ido, na'ura ta ɗauki zafi muna yi mata fifita da kwali. Biyu da rabi daidai na sa ɗan sanda ya je ya tsaya bayan mutum na ƙarshe a kowane layi, kamar yadda ƙa'ida ta ce. Wasu sun zo bayan nan na mayar da su, har da waɗanda na san fuskarsu, kuma ban ji daɗi ba. Hamisu da 'yan'uwansa ba su zo ba sam, ba kuma wanda ya sa ran za su zo.

Ba mu sallami na ƙarshe ba sai bayan La'asar sosai. Na zazzage akwati a kan tebur, muka ware, na ƙirga da ƙarfi jama'a suna amsawa. 'Yan adawa suka ɗauki akwatin da rata mai yawa, a duka zaɓukan biyu. Abin da ya ba ni mamaki, babu wanda ya yi ihu ko tafi. Suka ji sakamako suka watse shiru, da yawansu ma Tudu suka nufa wajen gaisuwa. Bala ya ce ba zai sa hannu a takardar sakamako ba. Na ce ba dole, akwai gurbin da zan rubuta ya ƙi. Ya yi waya, ban san da wa ba, ya dawo ya karɓi biro ya sa hannun kamar zai yaga takardar. Kafin Magariba mun kai kaya wurin tattara sakamako na mazaɓa.

Ƙorafin Bala kuwa bai faɗi ƙasa ba. Cikin makon aka kira ni ofis aka karanta mini abin da na faɗa, kalma bayan kalma. Aka ce na faɗa? Na ce na faɗa. Akwatin bai samu matsala ba, tunda tebur bai motsa ba, lokaci bai wuce ba, lissafin takardu ya cika. Ni dai aka cire sunana daga jerin waɗanda ake kira, ban sake riƙe akwati ba har na yi ritaya. Ya yi mini ciwo, ba zan ɓoye muku ba, don ina son aikin. Amma ban ga wanda zan ba laifi ba sai bakina.

Saboda haka in an tura ku, ku riƙe ƙa'ida, ita ce ta ceci ƙuri'un nan. Da na bi zuciyata na ɗauki tebur, da duk wahalar matan nan ta tashi a banza. Ku kuma riƙe bakinku fiye da yadda na riƙe nawa. Sannan idan kuka ji ana cewa unguwa kaza ba sa fitowa zaɓe, ba su damu ba, kada ku yi saurin yarda. Ku je ku tsaya a bakin lungunsu ku duba abin da ke tsakanin ƙofarsu da teburinku. A takarda za a rubuta mutane ba su fito ba, ba za a rubuta kunya ce ta tsare su ba.

Alhaji Sule shi ya fi ni asara. A taron jam'iyyarsu na gaba aka ce ya sayar da akwatin unguwarsa, aka sauke shi daga ciyaman. Ban sake ganinsa ba sai da kaka, na kai 'yar gyaɗata kasuwar Karaye na tarar da shi zaune a bakin sikeli. Na so in zame, ya ƙwala mini kira. Na je na durƙusa muka gaisa.

Ya ce, "Malam, kai ne ka ci mini mutunci a gaban yarana."

Na ce, "Ni ne, Alhaji. Na yi kuskure, a yafe mini."

Ya ce, "Kuskure kam ka yi. Amma kada ka ɗauka kai ka koya mini. Tun da aka shimfiɗa tabarmar farko na san abin da ya kamata in yi. Na zauna a zaure ina ce wa kaina bari biyu da rabi ta yi tukuna."

Ya shiga murza ƙwayar gyaɗa a tafin hannunsa. Na ce ai ya yi abin da ba kowa zai iya ba, ga shi har ya rasa kujerarsa. Ya girgiza kai.

Ya ce, "Kujera me? Shekara ashirin muna kokawa da Ilu a kan akwatin nan, yau ya kayar da ni, gobe in kayar da shi. Duk ranar da na ci, da sassafe nake bi ta gaban shagonsa in yi masa sallama da ƙarfi, don kawai in ga yadda zai ɗaure fuska yana taka keke. In shi ya ci, har ƙofar gida yake aiko a tambaye ni ko na kwana lafiya. Ranar nan da na koma gida na zauna, sai na tambayi kaina, to in na ci, gobe da safe ta gaban shagon wa zan bi?"

Ya sa gefen rigarsa ya goge ido, ya juya ya ce wa mai awo ya ɗora buhun Malam a kan sikeli.